Fiyus ɗin da Modu Ya Juya

Ina ƙarƙashin sitiyarin wata motar haya a garejina da ke Gashuwa, ƙafafuna a waje, filaya a hannu, aka kira ni daga Nguru. Mai facin da ke maƙwabtaka da garejin Modu ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Malam Hamidu, sai haƙuri. Modu ya rasu da asubar nan."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi yaushe za a yi masa sallah, ya ce bayan azahar, ana jiran yayansa daga Machina. Akwai wata waya da na fere ban naɗe ba. Sai da na koma na naɗe ta da tef, don ba a barin waya tsirara a cikin motar mutane. Na ce wa direban ya dawo gobe. Ya fara mita, da ya dubi fuskata sai ya kama hanyarsa. Na wanke hannu na tafi tasha.

Samarin da ke zama a bakin garejina suna yawan cewa aikin rewaya ba wuya, wai jar waya ce da baƙar waya, sai mita da ake sayarwa a kasuwa. Ba na musu da su. Amma ina so su san aikin ƙarshe da Modu ya kama, da yadda ya faɗo hannuna.

Ni da Modu wuri ɗaya muka koyi sana'a, wurin Ba Mala, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Lokacin manyan motoci ne ke cika wurin, masu ɗaukar kanwa da banda da shanu. Modu Babarbare ne, ni kuma Bafillatani, don haka tun ranar farko ya samu abin wasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan Fillo, saniya ba ta da fiyus, me ya kawo ka nan?" Na ce na zo in ga yadda bayinmu ke cin abinci ne. Har ya bar duniya bai kira ni da sunana ba sai in magana ta yi tsanani.

Ba Mala bai bar mu mun taɓa waya ba sai da muka daɗe. Aikinmu shi ne wanke kan batir. A jiƙa kanwa da ruwan zafi, a zuba a kan farin gishirin nan da ke taruwa a wurin, ya yi kumfa, a goge da tsumma har darma ta fito fes. Mun raina aikin. Daga baya muka gane cewa motoci da yawa da ake turowa wai batir ya mutu, datti ne kawai ya shiga tsakanin kai da batir. Kayan aikin da ya fara ba mu kuwa ba mita ba ce. Kwan sigina ne aka laƙa masa waya biyu, muna ce masa kwan gwaji. In an kawo motar da ke kwana lafiya ta tashi ba wuta, sai ka kashe komai, ka zare makulli, ka rufe ƙofofi. Ka cire baƙin kan batir, ka sa kwan a tsakaninsa da batir ɗin. In ya kama, akwai ɓarawo a cikin motar, wani abu na shan wuta alhali an ce masa ya kwanta. Daga nan sai ka buɗe akwatin fiyus ka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare kwan ya mutu, to a layinsa ɓarawon yake.

Akwai wata al'ada ta Ba Mala da ban ga kowa na yi ba sai mu yaransa. Duk fiyus ɗin da ka duba ka tabbatar layinsa lafiya, in za ka mayar da shi sai ka juya shi, lambarsa ta kalli ƙasa. Fiyus bai damu da ta ina aka sa shi ba. Dalilinsa shi ne za a kira sallah, ko wani ya zo da gaggawa, ka tashi ka dawo ka mance inda ka tsaya. "Kanku ba akwati ba ne," in ji shi. "Ku bar mota ta riƙe muku." In aiki ya ƙare, sai a mayar da su duka yadda suke.

Da aka yaye mu na dawo gida Gashuwa, Modu ya zauna a wurin Ba Mala har ya gaje shi. Muka yi wata yarjejeniya ba tare da mun taɓa faɗinta ba: motar da ta gagari ɗaya, ya tura wa ɗaya. In tawa ta je hannunsa sai ya kira ni ya yi ta dariya kafin ya faɗi abin da ya gani.

Wani ɗan kasuwa daga Dapchi ya taɓa kawo mini mota, ya sauya batir har ya gaji. Kowa ya ce masa batiran yanzu ne ba su da kyau. Na sa kwan, ya kama. Na zare fiyus duka, yana nan a kunne. Na rasa ta cewa, na tura shi Nguru. Modu ya sa aka kwanar da motar, da safe kafin a tayar da ita ya ɗora tafin hannunsa a kan altaneta, ya ji ta da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ita da ya kamata ta cika batir, ita ce ke mayar da wutar baya in an kashe inji, kuma layinta ba ya bi ta akwatin fiyus. Ya kira ni ya ce, "Ɗan Fillo, hannu Allah ya ba ka ko kofato?" Tun daga ranar nake taɓa altaneta kafin in taɓa komai.

Shekarar da ruwa ya shiga garuruwanmu ita ce shekarar da ta fi ba mu wuya. Kogi ya cika ya haura, motoci suka kwana cikin ruwa har sitiyari. Da ruwan ya janye aka yi ta turo su. Muka shanya, muka goge, suka tashi, masu su suka yi murna. Ba mu san aikin bai fara ba. Ruwan kogi in ya shiga cikin damin waya ba ya fita duka. Yana nan yana cin tagulla a hankali har ta yi kore, sai bayan watanni mota ta fara abin da ba a gane ba: hon ya yi kuka shi kaɗai, fitila ta ƙi mutuwa. Mutane suka ce mun lalata musu motoci. Wasu abokan ciniki na tun zamanin Ba Mala sun daina gaishe mu. Da yawa daga cikin motocin an sayar da su da araha ga waɗanda ba su san tarihinsu ba.

Ɗaya daga cikinsu ce ta zo hannun Sale mai kifi.

A wurin zaman makoki na fara ganinsa. Mun dawo daga maƙabarta, muna zaune a ƙofar gidan su Modu, sai wani mutum mai kimanin shekara arba'in ya matso ya yi ta'aziyya, ya zauna, bai tashi ba. Da mutane suka ragu ya ce, "Kai ne Malam Hamidu na Gashuwa? Marigayi yana yawan ambatonka. Ka yi haƙuri, na san ba ranar wannan magana ba ce." Na ce ya faɗi.

Ashe ɗan garinmu ne, a unguwar da ke kusa da kogi. Yana sayen kifi a ƙauyukan fadama yana kawowa kasuwa da wata tsohuwar wagon mai giyar hannu. Mahaifiyarsa, Ya Zara, tana da ciwon ƙoda, ciwon da ya shiga gidaje da yawa a garinmu. Yana kawo ta Nguru wankin ƙoda a ranakun da asibiti ya yanka mata. Dole su bar Gashuwa da asuba, don injin wankin ba ya jiran kowa. In ka makara a ɗora wani.

"Kullum motar nan lafiya take tashi," in ji shi. "Ranar kasuwa ta tashi, ranar zuwa ƙauye ta tashi. Sai ranar asibiti. Ranar nan in na murɗa makulli ko ƙyas."

Maƙwabta ne ke tura masa ita in sun fito daga masallaci. Wata safiya batir ɗin ya yi ƙasa har turi bai yi ba. Kafin ya samo aron wani batir rana ta fito, suka isa an ba wani gadon. Ya ce kafin ranar wanki ta gaba ƙafafunta sun kumbura har zane ba ya rufe su, numfashi kuma sai a zaune. Ma'aikatan asibitin sun gaya masa kada a sake.

Na tambaye shi me ya sa ba ya cire kan batir in zai kwanta, kamar yadda kowa ke yi. Ya ce ya yi ta yi, har kan ya sake, ya daina kamawa. Rannan kan batir ɗin ya fice suna tafiya kusa da Jajimaji, motar ta mutu, tsohuwa na ciki, rana tsaka. Modu ya sa masa sabon kai ya ce kada ya ƙara taɓa shi, shi zai kamo ɓarawon. Sai suka shirya: in ya sauke ta a asibiti sai ya kawo motar gareji, Modu ya yi aiki a kanta har a gama wanki. Ranar ma abin da ya kawo shi ke nan, ya tarar da gareji a rufe.

Motar na gefen titi. Na buɗe akwatin fiyus. Fiye da rabinsu lambarsu na kallon ƙasa. Na ga inda ya tsaya. Na rufe akwatin na ce wa Sale ya kawo mini ita a Gashuwa.

Da ya kawo ta na bi ƙa'ida. Batir lafiya, altaneta na caji, kuma ba ta ɗumi. Na sa kwan gwaji, bai kama ba, ko ɗan ja bai yi ba. Nan na gane abin da Modu yake yi. Tunda ɓarawon ba ya fitowa a gabansa, sai ya koma bin layi ɗaya-ɗaya da hannu, yana girgiza waya yana kallon kwan, wanda ya gama ya juya fiyus ɗinsa. Aiki ne mai cin rai. Na ɗora daga inda ya tsaya, na bi sauran, ban sami komai ba. Na kwanar da ita a gareji, da safe ta tashi da kik ɗaya.

Sale ya ce, "Ka gani ko? Gwaggona ta ce ba ciwon mota ba ne, hannun mutane ne. Wai akwai wanda ba ya son tsohuwa ta warke."

Na ce, "Mai hannun nan ya san ranakun asibiti ke nan?"

"Haka ta ce."

Na tambaye shi abin da yake yi wa motar a jajibirin tafiya wanda ba ya yi sauran ranaku. Ya ce ba komai. Yara na shiga su kunna rediyo? A'a, makulli a aljihunsa yake. Ana cajin waya a ciki? A'a. Ba Mala yakan ce mai mota ba ƙarya yake maka ba, abin da ya saba yi ne ba ya ganinsa. Saboda haka na daina tambaya. Na ce masa ana gobe asibiti zan zo gida in gaida tsohuwa.

Na isa bayan la'asar. Tun daga nesa na hango motar a ƙofar gida, but a buɗe, ƙofofin baya a buɗe. Sale ya naɗe wando zuwa gwiwa, da bokiti da buroshi da sabulu, yana kwara ruwa a cikin but ɗin yana dirzawa. Ruwa na bi ta ƙarƙashin kujerar baya yana ɗiga ƙasa.

Na ce, "Sale, me kake yi?"

"Wanki. Ƙarnin kifi ne. Tun da ciwon ya kama ta ba ta iya jinsa, tun kafin mu fita gari take fara amai. In na wanke da yamma, kafin asuba ƙarnin ya tafi."

"Kullum kake yi?"

"Ana gobe asibiti kawai. Sauran ranaku ai kifin ne a ciki, me zan wanke?"

 Na bar shi ya gama, ya rufe but, ya rufe ƙofofi. Na buɗe bonet, na cire baƙin kai, na sa kwan. Ya kama, jawur, har ana ganinsa da rana.

Na fara da fiyus ɗin da Modu bai kai gare su ba, ko da yake na riga na bi su. Na zare su duka, kwan bai motsa ba. Saura waɗanda ya juya. A wurinmu fiyus ɗin da ɗan'uwanka ya juya ba a sake duba shi. Shekara da shekaru ban taɓa bin bayan aikin Modu ba, shi ma bai taɓa bin bayan nawa ba sai in ni na tura masa. Na daɗe a tsugune. Sale na tsaye a kaina da bokiti a hannu. Sannan na sa filaya na fara zarewa daga sama.

A jere na biyu kwan ya mutu. Na mayar da fiyus ɗin, ya kama. Na sake zarewa, ya mutu. Layin fitilar ciki ne da fitilar but da makullin ƙofofi, wanda wayoyinsa ke bi ta ƙarƙashin shimfiɗar motar har baya.

Sale ya leƙo. Ya ga lambar a juye, ya gane, don Modu ya taɓa gaya masa ma'anarta. Ya ce a hankali, "Ashe marigayi ya tsallake shi."

Na ce, "Bai tsallake ba. Yaushe kake kai masa motar?"

"Da hantsi."

"Bayan ta kwana, ta yi tafiya daga nan har Nguru, iska na shiga, ƙasanta ya yi zafi. Busasshiya kake kai masa. A bushe layin nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya gani shi ya juya."

Na yi masa bayani yadda zai gane. Motar ta sha ruwan ambaliya kafin ya saye ta. Wani wuri a ƙarƙashin shimfiɗa waya ta ci, ta yi kore. In wurin a bushe yake ba abin da ke faruwa. In ruwan sabulu ya kwanta a kai, sai wuta ta sami hanya zuwa ƙarfen mota, ta yi ta zuba har gari ya waye.

Ya ajiye bokitin. Ya ce, "To ni ne ke nan. Rannan da ta kumbura, ni ne."

"Ruwa ne da tsohuwar waya."

"Da hannuna nake zubawa, Malam Hamidu. Shi ke nan, na daina wankewa."

"Ka daina, ta yi ta amai har Nguru? Wanda za a ɗora a inji ba a kai shi a galabaice. Ka ci gaba da wankinka. Wannan zan cire."

Na nuna masa fiyus ɗin. Na gaya masa abin da zai rasa: fitilar ciki ba za ta kama ba, ƙofofi kuma sai ya riƙa kulle su ɗaya-ɗaya da hannu. Na gaya masa kuma wannan ba gyara ba ne. Na rufe wa ɓarawo ƙofa ne kawai, yana nan a ciki, kuma wayar da ta ci tana kwance cikin dami ɗaya da ta fitilun baya da ta famfon mai. Abin da ya ci ta zai ci su.

Muna cikin haka aka yi magana daga zaure. Ya Zara ce, an shimfiɗa mata tabarma tana shan iska.

"Sale, da wa kake ta magana ba ka shigo da shi ba?"

"Abokin Malam Modu ne, Inna. Mai gyaran da ya rasu."

Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ƙaramar tsohuwa ce, fuskarta ta ɗan tasa. Ta yi mini ta'aziyya, ta yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ta ce, "Mai surutun nan. In an gama mini wanki muka biya ɗaukar mota, sai ya leƙo ta taga ya ce, amarya, ki yi sauri ki warke, na gaji da jira. Na ce masa ni ba na auren mai baƙin hannu." Ta yi dariya kaɗan, tari ya tsayar da ita. "Ga shi ya riga ni."

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Ta ce, "Motar za ta tashi gobe?" Na ce in Allah ya yarda.

Da asuba na yi sallah a masallacin unguwarsu. Da aka idar, maƙwabta suka biyo Sale kamar yadda suka saba, wasu har sun fara naɗe hannun riga. Aka fito da Ya Zara aka kwantar da ita a kujerar baya, ƙanwar Sale na haska musu da tocila. Sale ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Motar ta tashi.

Wani dattijo da ya riga ya dafa but ya ɗaga hannunsa ya ce, "Af. To mu yau an sallame mu ke nan? Sale, ko shayin sallama babu?"

Aka yi dariya. Sale ya ɗaga mini hannu ya ja mota.

Tun daga ranar motar ba ta sake kwana ta mutu ba, kuma Ya Zara ba ta sake rasa gado ba. Amma aikin yana nan. Kafin a kai ga wurin sai an cire kujerun baya, an ɗaga shimfiɗa gaba ɗaya, an kwance damin waya an bi shi taƙi-taƙi. Yini guda ba lalle ya isa ba. Motar kuwa ba ta da ranar hutu: in ba ta asibiti tana ƙauye ɗaukar kifin da ake riƙe gidan da shi. Duk lokacin da muka sa rana sai wani abu ya taso. Na ce masa ya riƙa duba fitilun baya kafin ya fita, in ya ga sun fara rawa ya kira ni ko ina ina.

Har yau ban gano inda wayar ta ci ba.